Yarinyata ta yi wata uku tana ɓoye mini al'adarta

Assalamu alaikum Malama. Ina da yarinya mai shekara 12, tana aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Kano, kuma ita ce ta fari a wurina. Ina kakkaɓe katifarta na tarar da tsummoki masu jini a cushe a ƙasa. Da na tsare ta, sai ta fashe da kuka tana rantsuwa cewa babu wanda ya taɓa ta. Ashe wata uku ke nan da ta fara al'ada. A makaranta abin ya same ta, wata ƙawarta ta nuna mata yadda za ta yi. Kakarta ce ta taɓa ce mata duk ranar da namiji ya riƙe ko da hannunta ne za ta ga jini, daga nan sai ciki. Ni kuma nauyin maganar nake ji, ga shi zango mai zuwa makarantar kwana za ta koma. Sannan an aiko da takarda cewa za a yi musu allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, Babansu ya ce ba da 'yarsa ba, don ya ji ana cewa tana hana haihuwa. Ya kuma ga zanen mahaifa a littafinta na kimiyya, ya ce lalata tarbiyyar yara ake yi. Tana da ƙane mai shekara 10. Ta ina zan fara?

Daga wata uwa, Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki kwantar da hankalinki game da lafiyarta. Yawancin 'yan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15, kamar shekara biyu bayan sun fara ƙirgar dangi, don haka 12 daidai ne. Wata ukun nan ne suka tsaya mini a rai. Yarinya ta ga jini a jikinta, ta firgita, ta duba duk gidanku ba ta ga wanda za ta tunkara ba. Yau haila ta ɓoye, abin da babu laifi a cikinsa. In aka bar ta a haka, ranar da wani malami ko wani ɗan'uwa ya kawo mata maganar banza, ita ma haka za ta haɗiye ta. Aikin da ke gabanki kafin ta ɗauki akwatin makaranta shi ne ta tabbata cewa kawo miki labari ba ya jawo mata duka ko tonon silili.

Ba zan ce ki yar da kunyar 'yar fari dare ɗaya ba. Amma ki lura, waɗanda suka kafa wannan kunyar sun tanadi masu yin maganar a madadin uwa: goggo, inna, yaya, uwar goyo, duk a cikin gida ɗaya. Yanzu gida ya koma daga ke sai maigida sai yara. Kunyar tana nan, masu maganar sun watse. To ko dai ki daure ki yi da kanki, ko ki zaɓi mace ɗaya da kika yarda da hankalinta, ki fara jin abin da za ta faɗa, sannan ki ce wa yarinyar a gabanta, "Duk abin da ya shige miki duhu ki tambayi Antinki, ni na sa ta." Magana ɗaya ce dole ta fito daga bakinki ke kanki: "Ba ki yi laifin komai ba. Ni ya kamata in gaya miki tun kafin ya zo." Lokacin kitso ya fi ko'ina sauƙi, domin kanta yana sunkuye, hannunki yana aiki, babu mai kallon idon wani. Minti goma ya isa, gobe ko jibi a ɗora. Kada a shelanta wa 'yan gida, kada kuma a bari wani ya fara yi mata wasan "an girma, sai miji."

Maganar kakarta tana bukatar gyara, cikin ladabi: "Kaka tsoro take ba ki don ta kare ki, amma ga yadda abin yake." Wannan tsoratarwa ta daɗe a gidajenmu, kuma ɓarnarta iri biyu ce. Yarinya mai tsoro takan yi abin da taki ta yi. Mai wayo kuma, ranar da ɗan ajinsu ya riƙe hannunta ta ga babu abin da ya faru, sai ta jefar da duk gargaɗin gida, har da na gaskiya, ta koma ɗaukar karatu wurin siniyoyi da waya.

Ga gaskiyar da ta dace da shekarunta. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu a gefen mahaifa. Kusan kowane wata ƙwai ɗaya yana fitowa, mahaifa kuma ta yi masa shimfiɗa mai jini kamar yadda ake gyara wa baƙo ɗaki. In baƙon bai zo ba sai a naɗe shimfiɗar, ita ce hailar da take gani. Ciki yana samuwa ne idan maniyyin namiji ya shiga farji ya haɗu da ƙwan. Gaisawa, zama a benci ɗaya ko hawa adaidaita sahu ɗaya ba sa kawo shi. Sai ki ƙara mata ɗaya ɓangaren, wanda a ɗakin kwana za ta ji akasinsa. Ana ɗaukar ciki a karon farko. Ana ɗauka ko da an yi wanka ko tsarki nan take. Ruwan gishiri, lemon tsami da kanwa, ko kafso na kemis ba sa hana shi. Ƙwai yana fitowa kamar kwana 14 kafin haila mai zuwa, yana rayuwa kwana ɗaya, amma maniyyi yana iya kai kwana 5 a jikin mace. Yarinyar da al'adarta ba ta daidaita ba ba ta san ranar fitowar ƙwanta ba, don haka lissafin "ranakun da ba a ɗaukar ciki" da manyan ɗalibai ke koya wa ƙanana ba abin dogaro ba ne. Haka ma cututtukan da ake iya ɗauka ta hanyar jima'i, irin su ƙanjamau da ciwon hanta, ba a gane mai su ta fuska ko tsaftar kaya.

Ki ba ta ƙaramar kalanda ko bayan littafi ta riƙa sa alama a ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke. A shekarun farko tazarar daga farkon wannan zuwa farkon mai zuwa tana iya zama kwana 21 har zuwa 45, wani watan ma ya tsallake, duk ba komai. Jinin kansa yakan yi kwana 2 zuwa 7. Ki kai ta asibiti idan ya wuce kwana 7, ko auduga tana cika cikin awa ɗaya zuwa biyu a jere, ko guda-gudan jini manya suna fita, ko ta yi kwana 90 ba ta gani ba, ko ciwon mara yana hana ta zuwa aji duk da magani. A nan iyaye kan ruɗe, domin a Islamiyya an karanta a Ahalari cewa iyakar hailar mai farawa kwana 15 ne. Wancan hukuncin salla da azumi ne, yana nan daram. Amma yarinyar da ke zubar da jini kwana 12 kowane wata jininta ƙarewa yake yi, tana bukatar likita. Tun da wata uku ta yi ita kaɗai, ki tabbata wata malama ta zauna da ita a kan wankan tsarki da ramuwar azumi, don mai yiwuwa babu wanda ya nuna mata.

Tsummokin da kika gani su ne haɗarin kusa. Ƙunzugu ba aibu ba ne in an yi shi daidai: yadi mai shan ruwa, ba mai santsi ba, guda shida ko fiye don a riƙa canji. A jiƙa shi a ruwan sanyi tukuna, domin ruwan zafi yana dafa jinin ya kama zare. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har ya bushe ƙayau. In tana jin kunyar a gani, ta rufa ɗan siririn ɗankwali a kai a igiyar. Wanda aka cusa ƙarƙashin katifa da danshi shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje da wari. Audugar mata kuma a canza ta duk awa 4 zuwa 6, ko da ba ta cika ba, a naɗe a leda, kada a jefa a masai na ruwa don tana toshe shi. Ki yi lissafin zango tun daga gida: guda 4 a rana, kwana 5, sau uku a zango, kusan 60 ke nan. Ki sa har da ƙari, da kamfai na auduga masu duhun launi kamar shida, da sabulu, da wata 'yar jaka da za ta riƙa ajiye auduga biyu da kamfai ɗaya a jakar aji kullum. Kada ki raina wannan lissafin. Yarinyar da audugarta ta ƙare a tsakiyar zango, ba ta kuma iya gaya wa gida, ita ce mai saurin karɓar kuɗi daga hannun da bai kamata ba.

Ta riƙa wanka kamar kullum. Tsarki da ruwa zalla, a waje kawai, daga gaba zuwa baya. Kada ta cusa sabulu, Dettol, alif, bagaruwa ko turare a ciki. Wurin yana da ƙwayoyin halitta masu kare shi, waɗannan abubuwa suna kashe su, sai "sanyin" da ake gudu ya samu hanya. Farin ruwa kaɗan marar wari marar ƙaiƙayi lafiya ce. Mai wari, ko kore, ko mai ƙaiƙayi sai asibiti, ba maganin da ƙawa ta rage ba.

Ciwon mara yana zuwa ne saboda mahaifa tana matsewa don fitar da jinin. Ruwan ɗumi a gora, a naɗe da tawul a ɗora a mara, yana taimakawa ƙwarai. In ana bukatar magani, ibuprofen ya fi farasitamol aiki a nan, domin yana rage sinadarin da ke sa matsewar: miligiram 200 bayan cin abinci, sau uku a rana, kwana biyu zuwa uku, a fara da zarar ciwon ya ɗan taso, kada a jira ya yi tsanani. Mai gyambon ciki, ko asma, ko ciwon ƙoda, ko sikila, sai an tambayi likita tukuna. Kada a ba ta asfirin, yana ƙara zubar jini, kuma ba a ba yara 'yan ƙasa da 16. Jar kanwa da ake jiƙa wa 'yan mata ita ma a bar ta. Ki riƙa duba cikin fatar idonta. In ya yi fari, tana jiri ko haki ko yawan kasala, a yi mata gwajin yawan jini. Hanta, wake, zogale da alayyahu suna mayar da abin da ta rasa, musamman in an haɗa da lemo ko gwaba. Shayi a kan abinci yana hana jiki zuƙe amfaninsu, a bar tazarar awa ɗaya.

Sanin jiki kaɗai ba ya koya wa yaro yanke shawara. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su musa wa babba, kada su ɗaga murya, in an aike su su tafi. Tarbiyya ce mai kyau, amma ita mai mugun nufi yake hawa, kuma yawancin masu cutar da yara ba baƙi ba ne: malamin lesin, maƙwabci, mai shago, direban gida, ɗan'uwa na jini. Dole ki buɗe mata ƙofa da bakinki: "Duk wanda ya nemi ya taɓa inda kamfai ko rigar mama ke rufewa, ko ya nuna miki nasa, ko hoton batsa, ko ya ce ki turo hotonki, kin samu izinina ki ƙi, ki yi ihu, ki gudu, ko wane ne shi." Sai doka ɗaya mai sauƙin riƙewa: duk kyauta ko maganar da aka biyo da "kada ki gaya wa kowa", ita ce za a gaya miki a ranar. Irin waɗannan mutane ba sa farawa da taɓi. Suna farawa da biskit, katin waya, ƙarin maki, "ke ce na fi so a ajin nan", su ga ko labarin zai kai gida. In bai kai ba su ƙara taku.

Ki sa ta maimaita amsoshin da baki, domin a lokacin tsoro abin da harshe ya saba shi ke fitowa. Ki zama malamin, ki ce, "Ki same ni a ofis bayan an tashi." Ta ce, "To Malam, zan zo da ƙawata." Ki zama mai shago, ta ce, "An hana ni karɓar kyauta a gida." Ki zama siniyar da ke cewa kowa yana da saurayi sai ita, ko mai cewa ta dawo gadonta su kwana, ta ce, "Mamata tana tambayata komai, ni kuma ba na iya yi mata ƙarya." Ki bar ta ta jingina laifin a kanki, ya fi mata sauƙi. Za ku yi dariya a karon farko, ba komai. Ranar kai ta makaranta ki nemi matar da ke kula da ɗakin kwanansu da malamar asibitin makarantar, ki gabatar da ita, ki karɓi lambobinsu, ku kuma ajiye wata kalma tsakaninku wadda in ta faɗa a waya kin san tana bukatarki ba sai ta yi bayani a gaban mutane ba.

Allah Ya kiyaye, amma ki san wannan. In an yi wa yaro fyaɗe, mace ko namiji, asibiti ake fara zuwa kafin zaman sulhu ko neman wanda ya yi. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ya fi ƙarfi a kwana ukun farko, yana iya amfani har kwana 5, kuma fitowar ƙwai yake jinkirtawa, ba ya zubar da cikin da ya riga ya shiga. In da hali kada a yi wanka kafin a je, kayan da ke jiki a naɗe su a takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. A Kano akwai cibiyar Waraka a cikin Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, Kaduna akwai cibiyoyin Salama, Sakkwato akwai ta Nana Khadija. Kwanakin da iyalai ke ɓatawa suna shawarar rufin asiri su ne daidai kwanakin da maganin ke aiki.

Sai Babansu. Kada ki tunkare shi a gaban yara, kada kuma ki mai da shi jahili, domin kishin 'yarsa ne ke magana. Ki ba shi labarin tsummokin kamar yadda kika ba ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Damuwarsa a kan darasi ba shi ya fara ta ba. Ƙorafin iyaye da malamai ne ya sa hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta sake fasalin darasin ilimin jima'i ta fitar da shi a 2003 a matsayin ilimin rayuwar iyali da ƙanjamau, kuma a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko, yana cewa aikin iyaye da malaman addini ne. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, nauyin ya dawo kanku. Zanen mahaifa kuwa darasin kimiyya ne kamar na huhu da ƙoda. In yana da shakka, ya je ya ga malamin, ya nemi a nuna masa abin da za a koyar a zangon, ya kawo maganar a taron iyaye da malamai, har ya nemi mace ta riƙa ɗaukar 'yan mata wannan babin. Nazarce-nazarcen da hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta tattara daga ƙasashe da dama a 2018 sun nuna cewa irin wannan ilimi ba ya sa yara saurin fara jima'i, sau da yawa ma jinkirta shi yake yi. In kuma ta fuskar addini yake kallo, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma a kan tambayar wankan haila ta faɗi hakan.

Tsoron allura ma yana da tushe a Kano. Mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba. Amma ya tuna cewa irin wannan magana ta hana haihuwa ita aka yi wa rigakafin shan inna a 2003, kuma yaran da aka ɗiga wa bayan an dawo da shi a 2004 ga su nan da goyo a baya. Allurar rigakafin HPV, wato ƙwayar cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa, ana yin ta a duniya tun 2006. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a Oktoban 2023, Kano tana cikin jihohin farko, kyauta ce, sau ɗaya, a dantse, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, kuma masu bin diddiginta a Hukumar Lafiya ta Duniya ba su samu alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Ana yin ta da wuri ne saboda tana kare wadda ba ta riga ta haɗu da ƙwayar ba, ba don ana zargin yarinya da wani abu ba. Ƙwayar tana da yawa ƙwarai a cikin mutane, mace tana iya samunta a ɗakin aurenta daga mijin da shi ma bai san yana da ita ba, ta kwanta shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Nau'i biyu, 16 da 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, wadda bayan ta mama ita ta fi addabar matan Najeriya. Abin da kan biyo bayan allurar shi ne ciwon dantse, ɗan zazzaɓi, wani lokaci jiri, shi ya sa ake zaunar da yarinya minti 15 kuma ake so ta ci abinci kafin a yi.

Ban ba ki shawarar ki sa hannu a ɓoye ba. Ranar da ya gano, ke da yarinyar za ku rasa amincewarsa a kan abin da ya fi wannan. In ranar makaranta ta wuce, ana yi a asibitin sha-ka-tafi. Ku je tare ya yi wa ma'aikacin lafiya tambayoyinsa da kansa, ko ki nemi wani likita ko malamin da yake ganin girmansa. Ita ma a yi mata bayanin abin da za a yi mata da dalilinsa, kada a ja hannunta kawai. A ajiye katin tare da takardunta.

Ƙanen nata kuma aikin Babansu ne ko kawunsa, kuma yanzu ne lokacin, domin maza kan fara balaga tsakanin 9 zuwa 14. In har yanzu shimfiɗarsu ɗaya da 'yan'uwansa, a raba, kamar yadda hadisi ya ce a yi a shekara goma. A gaya masa zai ga gashi, murya za ta buɗe, zai yi mafarki, a koya masa wankansa tun kafin ya zo. Nono kan ɗan kumbura wa wasu samari ya koma da kansa, kada a matse shi. Dokar taɓi da ta "kada ka gaya wa kowa" ta shafe shi daidai da yayarsa, a kuma ja masa kunne kada ya shiga cikin masu yi wa yarinyar da jini ya ɓata wa riga dariya a aji. Ya kuma san cewa in ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ɗan maraina, ko da tsakar dare ne, ya tashi babba nan take. Yana iya zama murɗewar jijiya, wadda in ba a yi aikinta cikin kamar awa 6 ba ana iya rasa ɗan marainan.